Cikin da Aka Buɗe Sau Uku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sauke ki Ibadan lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa ki shiga wurin aikinki da ƙafar dama. Na ce wa mahaifiyarki ta sa takardar a ƙasan akwatinki, kada ki gan ta sai kin isa. Tun ranar da aka raɗa miki sunan mahaifiyata bakina bai taɓa iya kiran sunanki ba, balle maganganun da ke cikin nan. Abin da baki ya kasa, bari biro ya gwada.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, daga cikinsa kika fita. Ciwona ma kin san shi fiye da kowa, tunda ke kika riƙa wanke robar da nake amai a ciki. Sai dai daga bakin gado kika san shi. Yadda na kai kaina kan gadon nan da ƙafafuna, wannan ban taɓa zama na gaya miki daga farko ba. Shi nake so ki tafi da shi, don duk cikin guzurin da aka haɗa miki babu wanda na sha wuya kafin in same shi kamarsa.

Kin tashi kin gan ni ƙato. Lokacin da harkar hatsi ta buɗe mini, ina sayen gero da dawa da gyaɗa daga Zango har Babban Mutum ina lodawa Kudu, jikina ya buɗe tare da ita. Duk rumfar da na zauna sai an kawo tsire, sai an dama fura da kindirmo, ga shayi da sukari kamar ba gobe. Mutane suna cewa, "Alhaji, hutu ya karɓe ka." Tela yana auna ni yana dariya, yana cewa sai dai a ƙaro yadi. Ni kuwa daɗi nake ji, don a wurinmu tumbi shaidar wadata ne. Babu wanda ya taɓa ce mini in rage sai mahaifiyarki, ita ma na ce mata ai ba daga tukunyar wani nake ci ba. Ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo shi, gwiwoyi suka ce sun gaji. Daga ƙarshe sai da aka ajiye mini kujerar roba a gefen sahu a masallacin unguwa. Ina zaune ina kallon tsofaffin da a haife sun haife ni suna kai goshi ƙasa, ni sai dai in sunkuyar da kai. Uwata, ki yi hattara da mai yabonki kullum. Wanda ke ƙaunarki, wata rana sai ya gaya miki abin da zai ɓata miki rai. In ranar ta zo, kada ki yi masa abin da na yi wa mahaifiyarki.

Da likitan da ke duba ni a Kano ya ce sugan ya fara taɓa ido da ƙoda, shi ne ya kawo maganar tiyatar rage tumbi. Kina shekarar ƙarshe a jami'a muka tafi Alƙahira, ni da mahaifiyarki. Likitan can ya zana mini hoton aikin, tafinta yana juyawa da Hausa. Ya ce za su yanki ɗan saman tumbin su mai da shi 'yar jaka wadda ba ta fi ƙwan kaza ba, su jawo hanji su ɗinke da ita, abinci ya riƙa wucewa kai tsaye ba tare da ya bi ta babban tumbin ba. Sai ya ɗora bakin biro a daidai inda jakar ta haɗu da hanji, ya ce, "Nan ne lagon aikin. Wurin nan ba ya jure abin da tumbinka na da yake jurewa. In ka wulaƙanta shi, gyambo zai fito." Ya ce akwai ƙwayar rage tsamin ciki da zan sha na tsawon watanni, da ta ƙarin jini da bitamin har iyakar rayuwa. Ya ɗaga wani kwalin maganin ciwon jiki, irin wanda ake samu a kowane kemis, ya ce, "Wannan da danginsa, kai da su har abada." Sannan ya dube ni ya ce, "Kana shan taba?"

Mahaifiyarki tana zaune kusa da ni. Na ce, "A'a."

Ina sha, Uwata. Tun ina saurayi ina bin motocin kaya na koya. Da aka ƙaddamar da shari'a, kowa ya gyara zama, sai na mai da ita bayan sito, in sha in tauna kanumfari in fito. Likitan ya ɗan jima yana kallona, sannan ya rubuta abin da na faɗa. Da na ce eh, da ya ɗage aikin har sai na daina, ni kuma abin da ba na so ke nan. Duk ranar da kika zauna gaban likita, ki manta da wanda ke zaune kusa da ke. In kunyarsa ta hana ki magana, ki ce ya ɗan ba ku wuri. Likita da abin da aka gaya masa yake aiki. Ke da kika karanci ilimin irin shuka, kin fi ni sanin abin da ke tsirowa in an ba manomi gurɓatacce.

Aikin kansa ya yi kyau, ba ni da abin cewa a kansa sai godiya. Jikina ya riƙa zubewa kamar an ɓula buhu. Suga ya sauka har aka raba ni da allura. Wata ranar Laraba da la'asar na shiga masallaci, na wuce kujerar nan na shiga sahu. Da goshina ya taɓa tabarma, na ji warin ƙura da kaba wanda na manta shi shekara da shekaru, liman ya ɗago ni ban ɗago ba. Wannan ni'ima kaɗai ta isa in gode wa Allah har in koma gare shi.

Amma tun kafin mu sauka daga jirgi na riga na ƙulla wata wautar. Na sa mahaifiyarki ta yi mini alkawari, ke ma da kika dawo hutu na sa kika yi, cewa babu mai jin irin aikin da aka yi mini. Duk wanda ya tambaya, gwiwa aka duba. Kin tuna kin ce, "Baba, ai ba abin kunya ba ne"? Na ce miki ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da mutane suka ga ina ramewa, zance ya tashi a gari. Wasu suka ce sammu aka yi mini, wasu suka ce kasuwa ce ta karye, wasu ma suka ambaci cutar da ba a son faɗin sunanta. Duk na ji, na yi shiru. Na gwammace a ce sammu ne da a ce haɗama ta sa an yanke wa Alhaji tumbi.

Da na ga lafiya ta zauna, sai na fara ganin ƙwayoyin nan kamar nauyi. Ta rage tsamin ciki na fara bari, yau in sha gobe in manta, har kwalin ya ƙare ban sake saye ba. Ranar da aka sa mini in koma a duba ni ta zo daidai da kaka, hatsi yana fitowa, na ce sai an gama lodi. Aka gama lodi, na ce ai lafiya ƙalau nake. Na lura mutum ba ya wasa da magani lokacin da yake kwance, sai ya miƙe. Ke ma yanzu kina cikin lafiya da ƙuruciya, ga albashi zai fara shigowa. A irin wannan lokacin ne ake sakaci, ki kula.

Kin san Baban Ngozi, mai kemis na bakin tasha. Tun kafin a haife ki ya zo Daura daga Kudu, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Lokacin da aka fara shari'a, wasu daga cikin mutanensu suka tsorata suka kwashe kaya, shi ma ya fara ɗaure nasa. Ni na je har shago na ce masa, "Kwance kayan nan, babu mai taɓa ka, in an zo a fara da ni." Tun daga nan muka zama kamar 'yan uwa. To, da na samu ƙarfin jiki na koma bin kasuwannin ƙauye da kaina, hanya ta fara karya mini baya. Na je wurinsa na ce ya ba ni mai ƙarfi. Ya ɗauko, sai ya tsaya yana kallona, ya ce, "Alhaji, wannan ramar taka, ba aiki aka yi maka a ciki ba? Don maganin nan ba ya shiri da ciki." Na yi dariya na ce, "Wane aiki? Gwiwa ce kawai." Na gane kwalin sarai, ɗan uwan wanda likitan Alƙahira ya ɗaga mini ne. Na ce a raina guda ɗaya ba zai yi komai ba. Ya kuwa yi mini daɗi, bayan ya saki. Guda ɗaya ta zama kullum.

Sai azumi ya kama. Likita ya riga ya ce kada in yi azumi sai ya duba ni ya yarda. Limaminmu ma, da mahaifiyarki ta aika aka tambaye shi a kaikaice, ya ce mai irin wannan larura Allah ya yi masa rangwame, ya sha ya rama in ya samu lafiya. Ni kuwa na ce ina! Yaya za a yi a ce an ga Alhaji da kofi a hannu da rana tsaka a watan Ramadan, a garin da ko yara suna gasar kai azumi? Na ɗauka. In sha ruwa da kunun tsamiya da ƙosai mai yaji, in zagaya bayan sito, da sahur in haɗiyi maganin baya a kan cikin da ba komai. Na sa wa abin suna tsoron Allah. Da na kwanta asibiti na samu lokacin tunani, na ga tsoron mutane ne tsagwaronsa. Wanda ya wajabta azumin shi ya ba da sauƙin, ni na ƙi karɓa don kada maƙwabta su yi magana. Uwata, za ki zauna a garin da ba kowa ke salla irin taki ba, babu kuma mai sa miki ido. Ki riƙe addininki don Mai shi, kuma in ya ba ki sauƙi ki karɓa da hannu biyu.

Bayan salla ciwon ya fara magana. Wani zafi a ƙarƙashin ƙashin ƙirji, kamar an ajiye garwashi. Na sha kanwa, na sha jiƙo. Daga baya na ga bahayana ya koma baƙi kamar kwalta, na san jini ne, don an gaya mini tun a can. Ina tashi sai jiri. Kin gama bautar ƙasa kina gida a lokacin, takardar ɗaukarki aiki ta farko ta zo daga cibiyar binciken iri ta Ibadan, ana ta shirin tafiyarki. Wata rana kika kawo mini kunu kika same ni dafe da ciki, kika ce, "Baba, me ya sa kullum hannunka yana nan?" Na ce miki sabo ne. Kika tsaya kina kallona, na daka miki tsawa na ce ki ajiye ki fita. Ki yafe mini wannan tsawar. Ba ke na yi wa ba, tsoro ne ya cika ni, don na san in na je asibiti duk abin da na binne sai an tono.

Ranar kasuwar Babban Mutum, da hantsi, ina tsaye ana auna gero, na ji kamar an soka mini wuƙa an murɗa. Cikina ya ƙame kamar katako. Na faɗi a kan buhuna. Malam Isuhu, dillalina da muka tsufa tare a harkar nan, shi ya sa aka sauke kayan wata a-kori-kura aka shimfiɗa ni a baya. Ya zauna ya ɗora kaina a cinyarsa, yana kare mini rana da rawaninsa har Daura. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji kamar raina zai fita, shi kuwa yana ta maimaita mini kalmar shahada a kunne, yana cewa, "Riƙe ta, Alhaji, amma ba yau ba in Allah ya so."

A asibiti likita ya tambaya ko an taɓa yi mini aiki a ciki. Ni ba na iya magana. Malam Isuhu ya ce, "A'a, gwiwa ce kawai aka duba masa a Masar." Abin da ya sani ke nan, bawan Allah. Har an ɗauko allurar kashe zafi kika shigo, mayafinki a hannu, ɗakin cike da 'yan kasuwa da 'yan dako. Kika ce, "Likita, dakata. Tiyatar rage tumbi aka yi masa, an haɗa da hanji. An hana shi irin wannan maganin." Kowa ya juyo yana kallona. Wallahi, Uwata, ina tsakanin rai da mutuwa amma sai da na ji haushinki ya taso mini. Likitan ya mayar da allurar, ya ɗaga rigata ya ga 'yan tabon nan, ya ce gyambo ne ya huda mahaɗar, a ɗaura mini ruwa a wuce da ni Kano yanzu-yanzu.

Kin karya alkawarin da na ɗora miki, kuma da shi Allah ya tsamo ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tarbiyyantar da ku a kan riƙon amana da bin na gaba, ban janye ba. Amma sirrin da zai kashe mai shi ba amana ba ne. A wurin aikinki za ki haɗu da manya masu cewa ki yi shiru a kan abin da kin san zai cutar da mutane. Ki tuna kin taɓa saɓa wa mahaifinki a gaban jama'a, kuma yau shi ne yake yi miki godiya.

A Kano suka buɗe ni a karo na biyu, suka wanke cikin, suka toshe hudar da kitsen cikina. Jinina ya yi ƙasa ƙwarai, aka ce a nemo masu bayarwa. Ban san yadda labari ya kai tasha ba. Mota guda suka cika daga Daura, 'yan dakon da nake yi wa faɗa a kan buhu, da direbobi, da Baban Ngozi a gidan gaba. Bayan na farfaɗo ya shigo, auduga manne a hannunsa, ya tsaya a kaina bai ko gaishe ni ba. Ya ce, "Alhaji, na tambaye ka. Da bakina na tambaye ka. Ka sa hannuna ya kusa kashe ka." Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ban yafe ba sai ka tashi ka zo shago da ƙafarka." Mutanen nan da na ɓoye wa ciwona don kada su yi mini dariya, babu ko ɗaya da ya yi. Jininsu ne yake yawo a jikina yanzu, na Musulmi da na Kirista, ban san wanne ne wanne ba. In kin je can, kada ki tsaya a cikin Hausawan unguwar Sabo kaɗai. Ki gaida maƙwabcinki ko da wane yare yake yi, ki je masa barka, ki je masa jaje. Ba ki san motar da za ta cika dominki ba.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Gyambon ya ƙi warkewa, tabonsa kuma ya tsuke mahaɗar har abinci ya daina wucewa. Kin fi ni tuna wannan zamanin. Cokali biyu na kunu, sai amai. Na koma kamar kara, wuyan riga yana zamewa daga kafaɗata. Suka zura mini na'ura mai kyamara ta baki, suka gwada buɗa wurin, ya buɗe ya sake tsukewa. Ranar da ya kamata ki kama aiki ta zo ta wuce kina zaune a kan tabarma a barandar asibiti. Ba ki gaya mini ba, sai daga baya na ji an ba wani gurbin.

Daga ƙarshe babban likitan tiyata ya tara mu, ni da ke da mahaifiyarki. Ya ce babu sauran dabara sai a sake aikin: a yanke mahaɗar gaba ɗaya tare da gyambon, a gyara 'yar jakar, a jawo lafiyayyen hanji a yi sabon ɗinki. Bai ɓoye mana ba, ya ce wannan ya fi na farko haɗari, don cikin da aka taɓa shiga ba kamar sabo ba ne, ɗinkin yana iya yoyo. Sai ya ce, "Alhaji, gyambon nan yana yi mini kama da na mai shan taba. In kana sha ban sani ba, sabon ɗinkin ma haka zai yi. Kana sha?"

Na dubi ƙasa. Na ce, "Ina sha. Ko bayan aikin nan na biyu na ɗan koma."

Na jira in ji salatin mahaifiyarki, ban ji ba. Ta gyara lulluɓinta kawai ta ce, "Likita, ya daɗe yana sha. Alhaji, wa yake wanke maka riguna?" Ashe duk shekarun nan ta sani. Ta ce a Alƙahira ta so ta yi magana, ta ga ba za ta iya ƙaryata mijinta a gaban baƙo ba, kuma tun ranar da na faɗi take ganin da laifinta a ciki. Na ce mata ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra, ni na gina gidan da matata ba ta iya gyara mini magana. Idan Allah ya kawo miki miji, Uwata, ki duba wannan tun kafin a shafa fatiha: in kin gaya masa gaskiyar da ba ya so, yaya fuskarsa take yi?

Taba kam daga ranar na bar ta, da taimakon Allah da na likitocin. Amma aikin na ce ba zan yarda ba. Tsoro ya kama ni. Na ce wuƙa sau biyu ta isa, a mai da ni gida, akwai mai magani a Dutsi da aka ba ni labari, in kwana ya ƙare kuma ya ƙare a ɗakina. Mahaifiyarki ta yi magana, yayyenki suka yi ta waya, na toshe kunne. Ke kuwa kika jira sai da kowa ya fita. Kika jawo kujera kika zauna daidai fuskata, abin da ba ki taɓa yi ba. Kika ce, "Baba, tun ina ƙarama kake ce mini Uwata. Da gaske kake, ko wasa ne?" Na ce da gaske nake. Kika ce, "To uwarka ta ce ka sa hannu." Kika miƙo mini biro.

Na sa. Da tsohuwar tana da rai, da muryar da za ta yi mini magana ke nan.

Sauran kin sani. Sun daɗe a kaina, kuna waje kuna jan carbi. Allah ya ba su sa'a, ɗinkin ya kama, bai yi yoyo ba. Kwanakin farko ko ruwa ba a ba ni ba sai ta jijiya. Ranar da aka ce in gwada, ke kika ba ni a cokalin shayi. Na haɗiye, muka zauna muna jira, ni da ke da nas ɗin nan mai yawan barkwanci, ruwan ya wuce bai dawo ba. Na sha ruwan rijiyoyi da na randuna iri-iri a yawon kasuwa, ban taɓa sanin ruwa yana da ɗanɗano ba sai ranar. Da aka sallame ni na je shagon bakin tasha da ƙafata, Baban Ngozi ya ce ya yafe, amma ko maganin mura na zo saye sai ya kira ki a waya tukuna.

Yau ga ni. Ina cin tuwo loma kaɗan, in tauna kamar mai jin tausayinsa. Ƙwayoyina suna kan taga inda kowa yake gani. Duk wanda ya tambaye ni abin da ya same ni, ina zaunar da shi in gaya masa tun daga Alƙahira. Wani abokin harkarmu daga Zango da ke shirin yin irin aikin ya zo shawara, na ce masa aikin alheri ne, ya je a yi, amma ya sani ba a gama shi a ɗakin tiyata, shi ne zai ci gaba da yin sa kullum a gida. Ina gode wa Allah da ya ba ni aron wasu kwanakin. Ina gode wa likitocin da ba su gaji da mai taurin kai ba, da Malam Isuhu, da mutanen tasha, da mahaifiyarki wadda ban san da bakin da zan gode mata ba. Ke kuwa, na ci daga cikin shekarunki na ƙuruciya, na ci aikinki na farko, ba ki taɓa nuna mini a fuska ba. Da Allah ya sa cibiyar binciken irin nan ta sake kiranki, ni kaɗai na san irin nauyin da ya sauka daga ƙirjina.

Saura magana ɗaya. Na ji abin da kika gaya wa mahaifiyarki a kicin, cewa ko tari na yi a kira ki, za ki ajiye aikin ki dawo. Ban yarda ba. Na yafe miki wannan hidimar, kin yi taki har kin yi ta wasu. Ga alkawarin da zan yi miki a madadinta: duk abin da na ji a jikina, ko na gani, a ranar zan gaya wa likita, in gaya wa mahaifiyarki, in kira ki da kaina in gaya miki. Saboda haka in kin ji shiru, lafiya ce, ki kwantar da hankalinki ki yi aikinki. Ke ma haka nake so ki yi mini. In ciwo ne, in kewa ce, in wani ne ya ɓata miki, kada ki ce kar a tayar wa Baba da hankali. Gidan kawunki yana nan kusa da ke, ki riƙa zuwa. Ki ci abinci a kan lokaci. Kada ki sha magani don wata ta ce ya yi mata aiki.

Gobe da safe na shirya in ce miki ina da baƙi daga Baure, ba zan samu raka ki tasha ba. Babu wasu baƙi. Ba na so ne direbobi da 'yan dako su ga hawaye a fuskata. To, yanzu da na rubuta shi na dube shi a kan takarda, na ga ashe halin nan bai gama fita daga jikina ba. Na fasa. Zan zo, ni zan ɗaukar miki ƙaramar jakar. In kina karanta wannan, kin riga kin ga abin da ya faru a tashar, su ma sun gani.

Allah ya yi miki albarka, Uwata, albarkar da ba ta yankewa. Ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki. Ya ba ki lafiya mai amfani, ya ba ki 'ya'yan da za su tsaya miki kamar yadda kika tsaya mini. Na ba Allah ajiyarki, shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinki,
daga Daura.